Daga ɗauko labarin siyasa zuwa kujerar kakaki: amsa ga wani ƙanena na Marwa

Tambayar ta fito ne daga wani matashin ɗan jarida a Marwa, a arewacin Kamaru, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya jima yana ɗauko wa wata tashar rediyo mai zaman kanta labaran siyasa, yana kuma da shirin muhawara na mako-mako. Yanzu ƙofofi biyu sun buɗe masa lokaci guda: wani ɗan majalisa yana so ya zama mai magana da yawunsa, wata ƙungiyar agaji kuma tana neman jami'in hulɗa da jama'a. Kowanne albashinsa ya fi abin da yake samu nesa ba kusa ba. Ya ce: "Yaya, in na karɓa na ci amanar aikin jarida ke nan? Zan iya riƙe shirina a rediyo? In abin bai karɓe ni ba, akwai hanyar dawowa?"

Ƙanena, Allah ya sa albarka. Ni ma ta wannan hanya na bi, daga ɗakin labarai zuwa ofishin sadarwa na wata ma'aikata a nan Garwa, don haka zan faɗa maka abin da na sani ba ɓoye-ɓoye. Karɓar aikin ba cin amana ba ne. Sana'a ce ta halal, har makaranta ake shiga a koye ta. A ESSTIC, babbar makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta Yawunde, sashen aikin jarida daban yake, sashen sadarwar ma'aikatu da na talla daban. Amma in za ka tsallaka, ka tsallaka gaba ɗaya. Shirin nan naka ka miƙa shi ga wani. Wannan ita ce amsar, sauran bayani ne.

Ban ga laifin duk wanda ya gaji ba. Tun 2008 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta tsara albashi da haƙƙoƙin 'yan jarida a Kamaru, amma ka fi ni sanin yadda ake biyan ma'aikata a gidajen rediyo da jaridu masu zaman kansu: wata ya ƙare a ce a yi haƙuri, wani ya kama a sake cewa a yi haƙuri, ba takardar kwantiragi, ba rajista a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Ga kuma hatsari. Kai da kake Marwa ba sai an tuna maka Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI. A garinku aka kama shi ranar 30 ga Yulin 2015, aka gurfanar da shi gaban kotun soja ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, aka yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, sai a Disambar wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin ya fito. Martinez Zogo na gidan rediyon Amplitude FM kuwa gawarsa aka tsinta a wajen Yawunde a Janairun 2023. Mai iyali da ya dubi wannan ya ce yana son aikin da zai kwana a gidansa da kwanciyar rai, ba wanda ya isa ya kira shi matsoraci.

Hanyar ma tsohuwa ce. Ivy Lee, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa wannan sana'a a Amurka, ɗan rahoton jarida ne kafin ya koma yi wa kamfanoni aiki. Jay Carney shi ne shugaban ofishin mujallar Time a Washington, ya zama kakakin fadar Shugaba Obama daga 2011 zuwa 2014, daga baya ya wuce kamfanin Amazon. A maƙwabciyarmu Najeriya, Malam Garba Shehu ya yi editan jaridar Triumph ta Kano, ya shugabanci ƙungiyar editoci ta ƙasar, sannan ya yi wa Atiku Abubakar aikin watsa labarai, ya kuma yi wa Shugaba Buhari daga 2015 zuwa 2023. Ba kai ne farau ba.

To amma ka tsaya ka tambayi kanka: me waɗannan mutane suke saye a wurinka? Ba iya rubutu ba ne kawai, masu iya Faransanci sun yi yawa a gari. Abu biyu suke so. Na farko wayarka, wato lambobin da ke cikinta: editoci, masu gabatar da shirye-shirye, sakataren gwamna, mutanen fadar lamiɗo (sarkin gari), shugabannin jam'iyyu. Na biyu sunanka. Mutumin da ke sauraronka a kasuwar Marwa ko a tashar mota ya riga ya saba cewa in ka faɗi magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ranar da ka fara magana da yawun wani, wannan yardar da ka tara a hankali ita za ka riƙa kashewa, kuma ba a sake tara ta da sauri. Shi ya sa zaɓen wanda za ka yi wa aiki ya fi girman albashi muhimmanci.

A nan akwai wata amana da mutane da yawa suke mantawa da ita, kuma ita ce ta fi damuna. A shekarun da ka yi kana ɗauko labarin siyasa, mutane sun faɗa maka abubuwa a asirce saboda kai ɗan jarida ne. Wani akawu a ofishin magajin gari ya nuna maka takarda ya ce kada ka ambace shi. Wani ɗan jam'iyya ya ba ka labarin rikicin cikin gida. Wani ya gaya maka bashin da ake bin wani babba. Ba a faɗa wa kakakin ɗan majalisa waɗannan maganganu ba, an faɗa wa ɗan jarida ne. Sabon maigidanka zai tambaye ka, ko ba yau ba ko gobe, cikin raha, kuna mota: "Wai wa ya ba ka labarin nan na bara?" In ka buɗe baki sau ɗaya, ka jefa wani bawan Allah cikin wahala, wataƙila ya rasa aikinsa, wataƙila abin ya wuce haka. Kafin ka fara aiki ka ware tsofaffin littattafanka da muryoyin da ka naɗa, ka adana su inda ba ruwansu da sabon ofis. Ka kira waɗanda suka fi kusa da kai cikin majiyoyinka ka shaida musu da bakinka cewa ka canja aiki, don su san da wa suke magana daga yanzu. Kada su ji a bakin wani.

Sai kuma shi kansa aikin, wanda 'yan jarida da yawa suke yi wa kallon raini har sai sun shiga. Ana zaton rubuta sanarwa ne da kiran taron manema labarai. Wannan shi ne ɓangaren da ake gani, kuma shi ne mafi sauƙi. Aikin gaske a cikin gida yake: shawo kan shugaba ya faɗi gaskiya da wuri, tun kafin a faɗe ta a madadinsa.

Bari in ba ka misali daga inda na yi aiki. Wata rana da yamma motar ma'aikatarmu ta kaɗe wani yaro a wani ƙauye da ke bakin titi, Allah ya yi masa rasuwa. Kafin isha'i hotuna sun fara yawo a WhatsApp. Aka tara mu a ofishin darekta. Mai ba da shawara kan shari'a ya ce kada a ce komai sai jandarmomi sun gama bincike. Wani ya ce a rubuta cewa yaron ne ya faɗo titi da gudu. Darekta yana ta juya biro a hannunsa, ya dube ni ya ce in shirya sanarwa. Na ce ranka ya daɗe, kafin sanarwa akwai ta'aziyya. A bar ni in kira jauro, wato mai garin ƙauyen, tukuna. Da asuba muka kama hanya da darekta da kansa, da buhun shinkafa da goro. Muka tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, mahaifin yaron ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har aka shafa fatiha. Darekta ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Bayan mun dawo ne aka fitar da sanarwa, gajeriya: motarmu ce, direban yana hannun hukuma, mun je mun yi ta'aziyya, za mu bi duk abin da bincike ya nuna. Ba mu ɗora wa mamaci laifi ba, ba mu wanke direba ba. Aka karanta ta da Fulatanci da Hausa a rediyo, ba da Faransanci kaɗai ba. Wannan dare da wannan safiya su ne aikin hulɗa da jama'a. Sanarwar kanta ba ta ɗauke ni minti ashirin ba.

Abin da Ivy Lee ya yi suna a kai ke nan tun 1906, lokacin da jirgin ƙasa na kamfanin Pennsylvania ya yi hatsari a Atlantic City mutane fiye da 50 suka mutu: ya sa kamfanin ya fitar da bayani da kansa, ya kuma kai 'yan jarida wurin, a zamanin da al'adar kamfanoni ita ce rufa-rufa.

Kishiyar wannan kuwa mun gan ta a yankinmu. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu yana nuna mutane cikin kakin soja suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Ministan sadarwa na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Masu bincike, ciki har da Amnesty International da BBC, suka bi tsaunuka da hanyoyin da ke cikin hoton har suka gano wurin: kusa da Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Cikin watan Agusta gwamnati ta sanar da kama sojoji bakwai, a Satumbar 2020 kotun soja ta yanke wa huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Ban kawo wannan don in tozarta kowa ba. Na kawo shi ne don ka ga inda kakaki yake tsayawa: wasu ne suka aikata, wasu ne suka ba shi bayani, amma fuskarsa da muryarsa ne suka rage a faifai. Da Tchiroma ya ajiye muƙamin minista a 2025 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, kalaman da ya yi a shekarun da yake kakakin gwamnati, daga 2009 zuwa 2019, suna cikin abubuwan da aka yi ta tono masa.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa duk mai son ɗaukarka ita ce: ina zan zauna lokacin da ake yanke shawara? In kana cikin ɗakin, kana da damar cewa "wannan ba zai yiwu ba, gobe za a kama mu da ƙarya". In kuwa sai an gama ake miƙo maka takarda ka je ka karanta, to bakinka kawai aka yi haya. Kakaki yana da ikon ya ce "ba zan yi magana a kan wannan ba yanzu", ko "zan bincika in kira ka". Ba dole ne ya faɗi duk abin da ya sani ba. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba. Tsakanin yin shiru da yin ƙarya akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ake yin sana'ar nan da mutunci.

Game da zaɓin da ke gabanka, ra'ayina a fili yake: ga mai fitowa daga labaran siyasa kai tsaye, ƙungiyar agajin ta fi. Aikin ɗan majalisa yana rataye ne da zaɓe da kuma yanayin zuciyar mutum ɗaya. Sau da yawa ba kwantiragi, daga aljihunsa yake biyanka, kuma a hankali aikin yana zamewa daga magana da 'yan jarida zuwa riƙe jaka, tara matasa, da mayar da martani ga masu zagi a Facebook. Mafi muni, duk rahoton da ka taɓa yi a kansa za a sake karanta shi da sabon ido, a ce ashe tun can yaronsa ne. Ƙungiyar agaji ba aljanna ba ce; akwai yawan takardu, kowace kalma sai ta bi ta hannun mutum uku, wani lokaci har sai an tambayi hedkwata a Turai, kuma aikin yana ƙarewa ranar da kuɗin shirin ya ƙare. Amma za ka koyi sana'ar a tsare: tsara shirin sadarwa na shekara, kasafin kuɗi, auna ko saƙo ya isa inda aka nufa, da ƙa'idar ɗaukar hoton mabukata. Wanda ya taɓa aiki da 'yan gudun hijira irin na sansanin Minawao ya san ba a ɗora fuskar mace ko yaro a intanet sai da yardarsu, don hoto ɗaya yana iya jawo wa dangin da suka rage a can gida bala'i. Ɗan jaridar siyasa bai saba da irin wannan taka-tsantsan ba, kuma zai amfane ka duk inda ka je daga baya.

Yanzu maganar shirinka. Na san yana ranka, kai ka raine shi. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ka ɗauka ranar Asabar ka gayyato baƙi ana muhawara kan rabon kayan agaji, ko kan aikin 'yan majalisar yankin, alhali ranar Litinin za ka koma ofishin ɗaya daga cikin waɗanda ake magana a kansu. Ko ka yi adalci ba wanda zai yarda, kuma gaskiyar magana ba za ka iya yin adalcin ba, don akwai tambayar da harshenka zai ƙi furtawa. Mai sauraro yana da haƙƙin ya san wa ke biyan mai magana. Mai gidan rediyon zai ce ka zauna, don yana ganin ta hanyarka talla za ta shigo. Kada ka yarda. In kana son ci gaba da jin muryarka a iska, ma'aikatarka ta sayi fili a fili, a faɗa a farko da ƙarshe cewa wannan shiri ne da ta ɗauki nauyinsa. Haka ma a jarida: abin da aka biya kuɗi aka buga a rubuta a kansa cewa talla ce, kada a saka masa rigar labari.

Akwai kuma ranar da za ta zo maka da nauyi, gara ka shirya mata: ranar da kai ne riƙe da ambulan. Ka san gombo, wato ɗan kuɗin da ake miƙa wa 'yan jarida a ambulan bayan taro, ka san yadda ake yi. An gama taron manema labarai, baƙi sun watse, matasan 'yan jarida sun ƙi tafiya, suna tsaye a bakin ƙofa da na'urorinsu a hannu, wani ya zo a kan babur ɗin haya bai da kuɗin komawa. Jiya kana cikinsu. Yau kai suke kallo. Ba zan ce maka ka hana ba, don na san wanda ya taso daga Mokolo ko Kaele ya kashe kuɗin mota daga aljihunsa. Abin da na tsaya a kai shi ne a yi shi a sarari: kuɗin mota ne, adadi ɗaya ga kowa, a kan takarda, kowa ya sa hannu, da wanda zai yabe ku da wanda zai soke ku. Kada ka taɓa kiran wani gefe ka ƙara masa don ya gyara labari, kada ka cire sunan wani daga jerin gayyata don ya taɓa ku a makon jiya. Da zarar ka fara sayen labari, masu sayarwa za su san ƙofarka, har a fara rubuta sharri da gangan don a zo a karɓi na rufe baki. Kuma in aka buga abin da ba daidai ba a kanku, ka hana maigidanka garzayawa kotu. Ɓata suna laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Kamaru, ana iya ɗaure mutum a kai, kuma ba na so a ce da hannunka aka kai tsohon abokin aikinka kurkuku. Dokar 1990 ta 'yancin sadarwa ta ba da haƙƙin mayar da martani a jaridar da ta yi kuskuren. Ka fara da kiran edita, sannan wannan haƙƙin, in abin ya ci tura akwai majalisar kula da sadarwa ta ƙasa, CNC.

Wani jari da kake da shi, wanda na ga 'yan Arewa suna rainawa, shi ne harshe da sanin mutane. Ana turo ƙwararru daga Yawunde ko Duwala da takardun digiri, su rubuta sanarwa mai kyau da Faransanci, ta ƙare a allon ofis. Kai ka san cewa daga Gaundare zuwa Marwa Fulatanci ne harshen kasuwa, cewa a Kusuri da bakin tafkin Cadi sai da Larabcin Shuwa, cewa akwai Kanuri da Mafa da Tupuri da Masa da Mundang, kowa da rediyon da yake kamawa. Ka san saƙon murya na minti ɗaya ya fi shafi uku tafiya. Ka san ba a shiga gari da shiri ba a gaida lamiɗo ko lawan ba, kuma abin da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a ko fasto ya sanar ranar Lahadi ya fi kowace sanarwa shiga kunne. Ka faɗi wannan a wurin ganawar ɗaukar aiki, ka sa shi cikin abin da za a yi maka farashi a kai.

Dawowa kuwa tana yiwuwa. Olusegun Adeniyi ya yi kakakin Shugaba 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010 ya koma jaridar ThisDay. Reuben Abati ya yi wa Shugaba Jonathan daga 2011 zuwa 2015, yanzu ana ganinsa a talabijin na Arise. Amma wanda ya dawo ba ya dawowa yadda ya tafi, kullum akwai masu auna maganarsa da tsohon maigidansa. Daga ƙungiyar agaji ko kamfani dawowar ta fi sauƙi. Daga gidan ɗan siyasa ta fi wuya, musamman a gari irin Marwa inda kowa ya san kowa. In ka dawo, ka ba da tazara kafin ka taɓa siyasa, kuma ka bar wa wasu duk labarin da ya shafi inda ka baro.

Kafin ka sa hannu ko'ina, ka nemi a ba ka kwantiragi a rubuce da tsawon wa'adinsa, a yi maka rajista a CNPS, a rubuta sunan muƙamin wanda za ka riƙa kai wa rahoto kai tsaye, kuma ka tambayi dalilin da ya sa wanda ya riƙe kujerar kafin kai ya tashi. In za ka iya, ka neme shi ku sha shayi, zai gaya maka abin da ba za a faɗa maka a ofis ba. Gidan rediyonku kuma ka ba su sanarwa da wuri, ka zauna da wanda zai gaje ka a shirin na 'yan makonni har ya kama hannu, sannan ka yi wa masu sauraro sallama da bakinka, ka faɗa musu inda za ka.